Bangon Kawu Ya Tsiro

"Ba za a cire ta ba," na ce.

"Za a cire," in ji Kawu.

Karo na huɗu ke nan muna maimaita wannan. Ni na tokare bayana da ƙofar ɗakina, shi yana tsaye da guduma a hannu, tef ɗin awo rataye a wuya kamar tela. Wai ƙofar ba ta dace da tsarinsa ba, tana da shuɗin fenti, ga facin gwangwani a ƙasa. Na ce masa ƙofar ta girme shi. Ya ce shi ya sa ya kamata ta huta.

Bari in yi bayani da sauri, don ni ba na son labari mai jan ƙafa. Kakata tana da otal a kan dutse, can ƙarshen hanya, inda mota ke isowa tana haki. Ɗakunan baƙi shida ne a jere, sai kicin inda Ummata ke girki, sai baranda, sai wani ɗan ƙaramin ɗaki a gefe wanda da can ma'ajin barguna ne. Wannan ɗan ɗakin ni na share shi bara, lokacin da karatu ya buɗe min. Da ina haɗa haruffa ɗaya-ɗaya kamar mai tsinar tsakuwa, malamai har sun sallama ni. Rana ɗaya kawai abin ya zauna, yanzu ko takardar da aka naɗo sabulu ba ta tsira a hannuna. A gidanmu na bayan otal ina da ƙanne huɗu, kowanne da bakinsa kamar rediyo. Ɗakin nan ne kaɗai wurin da zan rufe ƙofa duniya ta yi shiru. Ƙofar ma tana da halinta: sakatarta a waje take, kuma in ka buga ta da ƙarfi sakatar na faɗawa da kanta. Sau biyu ina kulle kaina kafin in koyi lallaɓa ta.

Kawu kuwa ƙanin Umma ne. Ya yi shekara uku a birni wajen wani ƙaton gini, ya dawo da hular kwano da sabon suna, wai Injiniya. Umma ce ta raɗa min cewa aikinsa a can riƙe tiyo ne, yana ba bulo ruwa safe da yamma. Ya kuma dawo da wani littafi mai nauyin turmi, cike da hotunan otal-otal na kan duwatsu da aka gina da ƙasa da itace da ciyawa. Ya shimfiɗa wa Kaka shi a cinya, ya ce baƙin zamani sun gaji da siminti da kwano, a gidajensu ma shi suka baro, so suke su kwana cikin abin da Allah ya halitta. Ya ce akwai kamfanin da ke kawo masu yawon buɗe ido mota guda duk mako, wakiliyarsu za ta zo duba wurin nan da mako shida, in ta ga abin da zai yi sai ta nemi kujera ta zauna. Kaka ta daɗe tana kallon ɗakunanta babu kowa sai ƙadangaru, sai ta ce a gwada.

Hayaniyarmu ce ta fito da Kaka daga kicin. Ta saurare ni, ta saurare shi, sannan ta yanke hukunci. Ya yi ɗakuna shidan tukuna. In matar kamfani ta yaba, ya haɗa da na bakwai. In ba ta yaba ba, ba zai taɓa ɗakina ba har abada.

Da ina da wayo, da tun ranar na ɗinke bakina na zuba ido. To ni matsalata ke nan, in na ga kuskure sai harshena ya yi ta ƙaiƙayi.

Washegari aka fara. Kawu ya sa aka kwashe kwanon rufi, aka ciccire ƙofofin ƙarfe aka jibge bayan kicin, aka rushe bangon baya na ɗakuna shidan gaba ɗaya, wai a nan za a yi na ƙasa. Aka kira Baba Magini, tsohon da suka gina wurin tare da marigayi kakana. Baba Magini ya ce ginin ƙasa ba ya son gaggawa. Sai an kwaɓa a bar ta ta kwana biyu, a haɗa da tsohuwar busasshiyar ciyawa, a ɗora kaɗan yau, a bari ya sha iska, a ƙara gobe.

Kawu ya ce, "Shi ya sa shekara arba'in kana gini ba a taɓa ɗaukar hoton ko ɗaya ba."

Baba Magini ya ce, "Haka ne. Ba a kuma taɓa kwashe ko ɗaya da shebur ba."

Busasshiyar ciyawa ba ta samu ba, don ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba, ko'ina kore shar. Kawu ya ce wannan ƙaramar magana ce. Ya sauka gari, ya dawo da buhu ashirin daga wajen mai sayar da abincin dabbobi, yankakken kara ne da dusa da zangarniyar hatsi da ba a sussuke ba. Baba Magini ya zura hannu a buhu, ya shinshina, ya tambaya gini za a yi ko kiwo. Duk da haka ya daure, saboda Kaka. Ya daure da aka ɗaga bangon cikin kwana uku. Ya daure da aka sare itace ranar Litinin aka rataya shi a matsayin ƙofa ranar Alhamis, ruwansa na ɗiga. Ya daure da aka kakkafa ɗanyun rassa a ƙasa wai ginshiƙan baranda. Amma da safen da ya hawo ya tarar da Kawu riƙe da tiyo yana feshe bangon ƙasa da ruwa, sai ya tsaya ya daɗe yana kallo. Kawu ya ce masa duk ginin da ba a ba shi ruwa safe da yamma ba, ba ya yin ƙwari, wannan a birni ko yaro ya sani. Baba Magini ya tattara kayan aikinsa, ya yi wa Kaka sallama cikin ladabi, ya ce in an tashi girbi a aiko masa.

Ni kuma na sace littafin. Kwana uku na cinye shi tas, har da ƙananan rubutun ƙarƙashin hotuna. Rana ta huɗu na kawo shi wajen karin kumallo na buɗe shafi na arba'in da biyu, na karanta da ƙarfi, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Littafin ya ce katako sai ya shekara yana bushewa kafin a yi ƙofa da shi. Ya ce babban maƙiyin bangon ƙasa ruwa ne. Na ɗago ina jiran a tafa min.

Kawu ya kurɓi shayi ya ce, "Rubutun ai na masu koyo ne, 'yar nan. Mu ƙwararru hoto muke dubawa."

Na ce a nuna min hoton da aka riƙe tiyo. Ya ce ba a ɗaukar sirrin sana'a a hoto. Umma ta ce in yi wa kawuna magana da ladabi. Kaka ta ce a miƙo mata sukari.

Rana ta tara Umma ta fita shanya ta dawo tana cewa bangon ya yi wani irin gashi. Rana ta goma sha biyu gashin ya zama tsiro, kore, tsawon yatsa, daga ɗaki na ɗaya har na shida. Muka tsaya mu duka muna kallo. Kawu ya yi shiru kusan minti guda, shirun da ya fi kowanne tsawo a rayuwarsa. Sai ya gyara hular kwano ya ce alhamdulillahi, ya fito daidai lokacin da ya lissafa. Wai sunansa bango mai numfashi, a manyan ƙasashe ma sai wane da wane. Ya ƙara ban-ruwa zuwa sau uku.

Labari ya gangara gari. Mutanen da shekara goma ba su hawo dutsen nan ba sai ga su, wai sun zo gaishe da Kaka. Mai kanti ya ce shi dai bai taɓa ganin gona a tsaye ba. Direban tasi ya tambaya ko kuɗin ɗaki ya haɗa da noma. Mai aski ya zagaya ya duba sama da ƙasa, ya tambayi Kawu saisaye za a yi wa bangon ko tal-kwabo. Kawu ya ce su yi dariyarsu, duk wanda ya kawo sabon abu haka aka yi masa. Ginshiƙan baranda su ma da suka ga ana shan ruwa kyauta sai suka fitar da ganye.

Sannan baƙi suka fara zuwa, sai dai masu ƙafa huɗu.

Maƙwabciyarmu ta gangare, Inna Mai Awaki, tana da awaki goma sha tara da wani jan bunsuru mai gemu. Ni na sa masa suna Manaja, don shi ke fara zuwa otal da safe, shi ke tashi ƙarshe, kuma ba ya gaishe da kowa. Manaja ya ɗanɗani ɗaki na huɗu ranar Asabar. Ranar Lahadi ya zo da iyalinsa. Suka jeru a bangon baya, manya a tsaye kan ƙafa biyu, ƙanana a ƙasa, ba ka jin komai sai ƙurus-ƙurus. Da tsiron ya ƙare ba su tafi ba, don sun gano cikin bangon ma akwai dusa.

Kawu ya sauka gidan Inna a fusace, ni ina biye don kada a ba ni labari. Ya ce ta ɗaure dabbobinta, suna lalata aikin injiniya.

Inna ba ta ko daina tsefe kan jikarta ba. "Ɗan nan, shekara talatin awakina na wuce otal ɗin uwarka, ba su taɓa ɗaga kai sun kalle shi ba. Kai ka dafa, ka zuba, ka kai musu har bakin hanya, sannan ka ce kada a ci?"

Ya ce zai kai ƙara. Ta ce ya kai, ita ma tana da tata, don 'yar akuyarta ɗaya ta ci taga ta kwana tana tari. Amma ta ce tsakani da Allah nono ya ƙaru, in zai yi wani ginin ya sanar da ita da wuri.

A hanyar dawowa mai kanti ya ba Kawu shawara, wai gishiri na kashe ciyawa, in babu tsiro babu awaki. Ban sani ba ko da gaske yake ko neman abin dariya yake. Kawu ya ce dama abin da yake shirin yi ke nan. Na ce masa Kawu, awaki fa a kan gishiri sai su bi mutum har bangon duniya, wannan ko littafi ba ya buƙata. Ya ce in mutum ya fara karatu da girma haka yake, komai sai ya sa baki. Ya jiƙa rabin buhu a durom ya feshe bangon kaf.

Tsiron ya mutu, wannan gaskiya ne. Amma yanzu awaki ba sa zaɓe, ko'ina lasa suke. Shanun wani mutum da ba mu ma san shi ba suka hawo su uku. Bangon da ya fara da kaurin kamu biyu ya koma kamar faifai, in rana ta faɗo ta baya kana ganin inuwar gemun Manaja daga cikin ɗaki. Ƙofofin kuma suka kumbura, ta ɗaki na ɗaya sai ka sa kafaɗa. Kawu ya ce tsaro ne, ɓarawo ba ya son wahala. Jinkar da ya yi da kansa kana kwance kana ganin sama ta cikinta. Ya ce da gangan ne, baƙo ya ƙirga taurari.

Ranar zuwan matar kamfani Kawu ya tashi da himma. Duk inda awaki suka huda ya rataya tabarma ta ciki, wai ado. Ya aro almakashin mai aski ya yi wa ginshiƙai gyaran fuska. Ya roƙi Inna ta kulle garkenta na yini ɗaya, ta ce ta kulle, amma ita ba ta taɓa yi wa kowa alkawari a madadin Manaja ba. Rabin gari ya hawo, kowa wai ya zo taya aiki, babu mai riƙe da ko tsintsiya. Har Baba Magini ya zo ya zauna a kan dutse nesa kaɗan, inda komai ya faɗi ba zai same shi ba.

Matar gajeriya ce, da tabarau da ɗan littafin rubutu, ba ta da yawan magana. Kawu ya tare ta tun daga mota da bayani, dutse, ƙasa, itace, ciyawa, komawa asali. Kaka ta ɗora min tiren shayi ta ce in bi su. Muka shiga ɗaki na ɗaya mu uku. Matar ta kalli sama ta ga gajimare na wucewa, ta rubuta wani abu. Ta dangwala yatsa a bango, yatsan ya shige har gaɓa ta biyu. Kawu ya ce laushin na musamman ne, ko baƙo ya buge ba zai ji ciwo ba. Ta rubuta wani abu.

Sai ya ce bari ya nuna mata ingancin ƙofa. Na ce Kawu kada ka rufe. Ya ja da baya, ya sa kafaɗa, ƙofar ta shige da wani irin nishi.

Ya ja ta ta ƙi. Ya sake ja, mariƙin da ya yi da saiwar itace ya biyo hannunsa. Ya yi murmushi ya ce wa matar kin ga, ko shi da ya ƙera ta ba ta san shi ba. Ya ƙwanƙwasa ya ce a tura daga waje. Direban tasi da mai kanti suka tura, mai aski na ba da umarni, ƙofa ko gezau. Ina tsaye da tire, shayi na hucewa, ina ji a raina shafi na arba'in da biyu, shafi na arba'in da biyu.

A nan tabarmar da ke saman gado ta motsa. Ta sake motsawa. Sai ta fara shigewa cikin bango a hankali, ana taunar ta daga baya. Da ta ƙare sai ga kan Manaja, gemu duk laka, ya leƙo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya kamar mai tambayar wa ya ba mu ɗaki. A bayansa ana jin sauran goma sha tara.

Matar ta gyara tabarau. "Wannan ma cikin tsarin yake?"

Kawu ya ce, "Ƙofar gaggawa ce, ranki ya daɗe. Ana kan buɗe ta."

Manaja ya turo ƙirji, wani ɓangaren bango ya zubo kan gado. Matar ta cusa littafinta a jaka, ta tattare zaninta, ta taka gadon, ta ture bunsurun da gwiwar hannu ta fice ta ramin. Na bi ta da tirena, ko kofi ban fasa ba, a rubuta wannan. Jama'a duk sun zagayo baya, sun yi da'ira. Kawu ya biyo mu, kai ya fita, kafaɗa ta fita, tumbi ya ce shi ba ya zuwa ko'ina. Ya tsaya rabi a ciki rabi a waje, wata akuya na cin tef ɗin wuyansa, yana ce wa mutane kowa ya kwantar da hankalinsa. Direban tasi ya kama hannu ɗaya, mai kanti ya kama ɗaya, suka ƙirga uku.

Kawu ya fito. Bangon ma ya fito tare da shi. Kuma da yake bangon baya ɗaya ne tun daga na ɗaya har na shida, sai suka bi juna, na biyu ya zauna, na uku ya zauna, har ƙarshe, kamar 'yan aji da aka ce su durƙusa. Jinka ta sauko a hankali ta rufe su. Awaki suka hau kai suka ci gaba da aiki. Babu wanda ya yi magana sai Inna, ta ce wa Manaja ya ci a hankali kada ya ƙware.

Ni kuwa zuciyata fes. Ba kyau, na sani, otal ɗin kakata ne. Amma ɗakina ya tsira.

Matar ta yi laka har gira, ga shi babu sauran wuri mai rufi a otal ɗin sai kicin da ɗakina. Kaka ta ce in kai ta ta goge jiki. Na kai ta, na ba ta ruwa da tawul, ta zauna a bakin gadona. Sai ta shiga dube-dube. Ta kalli bangon dutse, ta kalli 'yar tagar da ke kallon kwari, ta kalli katakon da na jera littattafaina goma sha ɗaya. Ta shafa bango, ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta tambaya wa ya gina.

To a nan ne harshena ya kashe ni. Na ce Baba Magini ne da kakana, shi ne ɗakin farko a wurin. Na ce dutsen nan aka fasa aka gina shi, da rana sanyi, da dare ɗumi, saboda kaurin bango yana riƙe zafi ya sake shi a hankali, shafi na sittin. Na ce ƙofar shekara biyu katakonta ya yi yana bushewa, in kin rufe ba kya jin ko kukan akuya. Na rufe na nuna mata. Na yi ta zuba kamar an kunna famfo, ita kuma tana ta rubutu, ni a zatona burge ta nake.

Da Kaka ta shigo matar ta miƙe. Ta ce waɗancan shidan ba sai ta ce komai ba. Amma wannan, irinsa kamfaninsu ke nema shekara da shekaru. Suna da baƙi masu son ɗaki ɗaya tak, shiru, a kan dutse, kuma za su cika shi daga wannan wata har baɗi, kafin nan a sake gina sauran yadda ya kamata. Ta ce kada a canja komai. Littattafan ma a bar su, baƙi na son ganin littafi.

Na kalli Kaka. Kaka ta kalli taga, inda ake hango awaki a kan abin da ya rage na dukiyarta. Ba ta kalle ni ba, a nan na gane.

Na ce, "Kaka, kin yi alkawari. Kin ce in ba ta yaba ba, ba zai taɓa ɗakina ba."

"Ai ba shi zai taɓa ba, 'yar albarka," ta ce a hankali. Ta kama hannun matar suka fita baranda su ƙarasa magana.

Ina tsaye ban gama haɗiye wannan ba sai ga Kawu, laka tun daga hula har takalmi, guntun tef a wuya. Ashe yana bakin ƙofa yana ji. Ya shigo tsakiyar ɗakina ya riƙe ƙugu, ya ɗaga murya yadda na waje za su ji, ya ce dama da gangan ya bar wannan. Sauran shidan ya yi su ne don idon baƙo ya gane darajar na bakwai, dabara ce ta manyan injiniyoyi. Ya ce in kwashe tarkacena zuwa yamma. Sannan ya shafa bangon kakana, ya ɗan ɓata fuska, ya ce ya bushe da yawa, abin da ya rage masa kaɗan ne, ɗan yayyafi safe da yamma.

Ban ce masa komai ba, karo na farko a rayuwata. Na kwashe littattafaina goma sha ɗaya, na haɗa da nasa mai nauyin turmi, tunda ni kaɗai na san abin da ke ciki. Baƙi su zo da nasu. Ya juya baya yana auna taga da guntun tef ɗinsa. Na fita, na kama ƙofar nan da na shekara ina lallaɓawa, na buga ta da duk ƙarfina.

Sakata ta faɗa.

Na wuce Kaka, na wuce matar kamfani, na wuce Baba Magini yana goge hawayen dariya, na kama hanyar gangare da littattafai a ƙirji. Ina jin Kawu yana dukan ƙofa yana kiran sunana, can ƙasa-ƙasa, don na faɗa muku ƙofar ba ta fitar da sauti. Wannan bangon kuma dutse ne. Manaja ba zai zo ba.